Garin Asabar na Maman Lizzy

In ka shiga Nasarawo ka ce kana neman Edna, sai ka gama zagaye unguwar ba ka samu wanda ya gane ba. Amma ka ce Maman Lizzy mai gari, to ko ɗan acaɓan da ya zo Gombe makon jiya zai sauke ka a gaban teburinta. Shekara ashirin da wani abu tana sayar da garin masara da garin kunu a 'yar kasuwar unguwar, kuma duk tsawon shekarun nan ba a taɓa dawo mata da mudu ɗaya an ce an tauna tsakuwa ko an ji wari ba. Mace ce gajera mai jiki, ga saurin magana, ga saurin fushi, ga tsabta har ta so ta yi yawa. Ta san garinta ya fi na kowa, kuma ba ta ɓoye wa kowa cewa ta sani.

Ba wani asiri take yi ba, tsinta ce kawai. Sauran mata in sun sayo buhu a kasuwar hatsi, sheƙewa suke yi su wuce inji. Ita kuwa sai ta baje tabarma a tsakar gida, ta miƙe ƙafa, ta ɗora tire a cinya, ta bi masarar ƙwaya-ƙwaya. Wadda ta yi baƙi, wadda ta motse, wadda ƙwaro ya huda, wadda fumfuna ta yi wa kore-kore a hanci, duk sai ta zare ta jefa a wani shuɗin bokiti. Gyaɗar da take sa wa garin kunu ma haka take yi mata. Buhu ɗaya yakan cinye mata yini biyu, ta tashi wuya a ƙage. Mijinta Malam Elias, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyarwa a firamare har ya yi ritaya, yakan ce ko shi bai taɓa duba takardun jarrabawa yadda matarsa ke duba masara ba.

A wani ƙauye ta tashi can gefen Kaltungo, a hannun uwar da ta ga yunwa da idonta. Tsohuwar nan tana iya yafe fashin tukunya, tana iya yafe ƙarya, amma ban da zubar da hatsi. Edna tana da shekara takwas ta taɓa ɓarar da dawa a hanyar rumbu, ta sa ƙafa ta tura ƙasa a kai don kar a gani. Aka gani. Uwar ta sa ta durƙusa tana tsincewa ɗai-ɗai har rana ta take, sannan ta zane ta da tsumagiya. In ruwan ƙarshen damina ya taɓa masara a gona ta yi fumfuna, ba a yar da ita a gidansu. A wanke, a shanya, a surfe, a niƙa. Uwar takan ce, abin da ruwa ya wanke, rana ta gasa, ya kuma tafasa a tukunya, me ya rage a cikinsa? Da wannan Edna ta girma, da shi ta yi aure, da shi ta sauka a Gombe da akwatin ƙarfe ɗaya.

Don haka abin da ke cikin shuɗin bokitin nan bai taɓa ganin juji ba. Duk Alhamis sai ta juye shi a daro ta wanke ruwa uku, ta shanya ya bushe ƙayau, ta kai a surfe a niƙa. Garin yakan fito da haske, sai wanda ya san gari sosai ne zai ce ya ɗan dushe. Ko sau ɗaya ba ta taɓa haɗa shi da na sayarwa ba, wannan kam a shaide ta. A gida ake tuƙa shi. Da yara suka girma suka watse, ya rage daga ita sai Malam, sai garin ya yi musu yawa. Haka take faɗa wa mutane, haka kuma take faɗa wa kanta.

Katanga ɗaya ce ta raba gidansu da na Rufa'i, wani ɗan acaɓa mutumin wajen Katsina, da matarsa Khairiyya. Katangar gajeriya ce, in mutum ya yi ɗage yana hango tsakar gidan maƙwabci. Shekara biyar da suka wuce babbar mota ta buge Rufa'i, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar Khairiyya da 'yan mata biyu da jariri a goye, Ibrahim Khalil. Dangi suka zo, aka yi zaman makoki, aka watse, kowa ya koma ga tasa hidimar. Wata Asabar da hantsi Edna tana shanya wanki sai ta lura kwana biyu ke nan ba ta ga hayaƙi ya tashi ta bayan katanga ba.

Ta shiga ɗaki ta ɗaure mudu uku na garin nan a leda, ta zagaya ta yi sallama.

"Khairiyya, taimake ni da wannan," ta ce, tana kallon gefe don kar yarinyar ta ji kunya. "Ya yi mana yawa, kar ya lalace a banza."

Khairiyya ta durƙusa har ƙasa ta karɓa da hannu biyu, hawaye na zuba. Tun daga ranar ta koma kiran Edna Mama, kuma tun daga ranar babu Asabar ɗin da ledar nan ba ta tsallaka ba. Garin tuwo daban, garin kunu daban. Da lokacin yaye ya yi, da kunun nan aka yaye Khalil.

A yi mata adalci, ranar farko tausayi ne zalla. Amma abin kirki ba ya ɓoyuwa a layi irin nasu. Limamin masallacin bakin titi ya tare Malam Elias ya yi masa godiya a gaban jama'a. A coci kuwa, ranar taron zumuntar mata, aka miƙar da ita tsaye aka ce a yi koyi da ita, ga wadda ba ta tambayi addinin maƙwabciya ba kafin ta ciyar da marayu. Edna ta yi ta kaɗa hannu tana cewa ba komai, ai Ubangiji ne. Ba komai ɗin me! Ranar a ƙasa ta koma gida don ta daɗe tana amsa gaisuwa a hanya. Kanta ya kumbura, kuma ta ji daɗin kumburin.

Shi kuwa Khalil ya ƙi girma. Ya shiga shekara ta biyar amma in ka gan shi sai ka ba shi biyu da rabi. Ƙafafu sirara, ciki a gaba, yau zazzaɓi gobe gudawa. Wasu su ce jinin gidan ne, ai Rufa'i ma ba shi da jiki. Wasu su ce shawara ce, a jiƙa masa saiwa. Edna ce mai yi wa uwar faɗa.

"Ke ma da wasa kike," takan ce. "Ki riƙa dama masa kunu da kauri, safe da yamma. In garin bai isa ba ki yi magana, yana nan."

Sai ta ƙara rabin mudu a ledar mako mai zuwa.

A farkon daminar bara wata ɗaliba daga jami'a mai suna Millicent ta shigo kasuwar da ƙananan ledoji da alƙalami, tana bin masu gari tebur-tebur tana neman cikin cokali biyar-biyar, wai za a gwada a ɗakin bincike. Mata suka yi ta zulle mata, wasu suka ce hukuma ce ta aiko ta. Edna ta yi dariya ta tura mata daro.

"Ɗebi, 'yata. A gwada a ga bambancin masu aiki da masu kwaɓa."

Ranar Juma'a ce, ta biyo ta inji ke nan, ledar Khairiyya tana ƙarƙashin tebur. Millicent ta hango ta.

"Wannan fa, Mama?"

"Wannan ba na sayarwa ba ne, na gida ne."

"Bari in ɗiba shi ma, ai duk gari ne."

Ta rubuta sha bakwai a ledar farko, sha takwas a ta biyu. Ta ce lamba ake sawa ba suna ba, don kar a ci mutuncin kowa. Kafin yamma duk kasuwa ta san Maman Lizzy ce sha bakwai, don da bakinta ta yi ta shela. Sha takwas kuwa ta manta da ita sam.

Bayan mako uku aka tara masu gari a babbar rumfar kasuwa. Millicent ta tsaya da takarda a hannu, tana Hausa tana tsarma Turanci, tana share zufa. Ta ce fumfunar da ke kama masara da gyaɗa in an shanya su a ƙasa, ko an ɗure su a buhu ba su gama bushewa ba, tana barin wata guba da ake kira afulatoksin. Ta ce ido ba ya ganinta a gari. Wanki yana ɗauke koren da ake gani, amma gubar tana nan a cikin ƙwayar, kuma tafasa ba ta kashe ta. Ta ce ba rana ɗaya take kayar da mutum ba, hanta take ci a hankali, kuma yaron da ya tashi da ita tana iya hana shi girma.

Edna tana zaune a bencin gaba, ta harɗe hannu a ƙirji. Da aka zo wajen wanki da tafasa sai ta sauke hannun.

"Babban maganin da ke hannunku shi ne tsinta," in ji Millicent. "Mafi yawan gubar tana cikin 'yan ƙwayoyin nan da suka lalace. In kin fitar da su kin kusa gamawa. Misali lamba sha bakwai, yana cikin waɗanda suka fi kowa tsabta."

Rumfa ta ɗauki tafi da guɗa. Asta, mai tebur kusa da nata, ta dafa ta tana cewa ai dama an sani. Edna ta yi yaƙe. Ta riga ta tuna lamba ta gaba.

"Amma akwai ɗaya," Millicent ta ci gaba, ba ta ɗago kai daga takardar ba, "lamba sha takwas. Duk abin da muka gwada babu wanda ya kama ƙafarsa wajen muni. Sai da muka sake gwadawa don ba mu yarda ba."

Kai, zo ka ji bakin mata! Wannan ta ce wace marar imani ce, waccan ta ce a fito da ita a kore ta daga kasuwa. Asta ta tafa hannu ta ce Allah ya isa tsakaninta da duk mai ɗura wa 'ya'yan mutane wannan masifa, sannan ta zunguri Edna.

"Maman Lizzy, ba ki ce komai ba."

"Allah ya kyauta," in ji Edna. Muryar da ta fito ba ta yi kama da tata ba.

Da aka watse Millicent ta same ta a bayan rumfa, ta rage murya.

"Mama, ni kaɗai na san na waye. Kin ce na gida ne. Tsintar kike niƙawa ko?"

Edna ta gyaɗa kai.

"Don Allah ku daina ci daga yau. Akwai ƙananan yara a gidan?"

Edna ta kau da kai. Yarinyar ta ɗauka babu ne, ta yi ajiyar zuciya, ta miƙa mata wata takarda mai hotuna.

"Ko kaji kar ki ba su, Mama. Ki haƙa rami ki binne."

Ko kaji. Wannan kalmar ce ta raka ta gida. Masu keke suna ta yi mata magana ba ta ji ba. Kuma a hanyar nan ne abin da ta daɗe tana dannewa ya taso mata. Ƙarya ne, garin bai taɓa yi musu yawa ba. Malam Elias ya daɗe yana cewa tuwon na da ɗaci-ɗaci, tana ce masa tsufa ne ya ɓata masa harshe. Sai wani hutu da 'yarta Lizzy ta zo da ɗanta Sammy, aka dama masa kunu ya furzar. Lizzy ta kai kofin hanci ta ce, "Mama, warin ruma yake." Edna ta yi faɗa, ta ce 'ya'yan zamani sun cika iyayi. Amma tun daga ranar garin nan bai sake shiga tukunyarta ba. Shekara biyu tana ɗan ba almajirai da masu wucewa, yana taruwa yana damunta, ga tsoron zubarwa. Sai Rufa'i ya rasu.

Ba ta san sunan guba ba, wannan gaskiya ne. Amma hancinta ya san wani abu, kuma da saninta ta yanke cewa abin da bai kamaci jikanta ba ya kamaci ɗan Khairiyya. Kunya ta lulluɓe ta a tsakiyar titi har ta ji kamar zaninta ne ya faɗi. Ta tsaya a gindin wata bishiya ta yi kamar tana gyara takalmi.

Washegari ta ɗauki fartanya ta haƙa rami a bayan ɗaki ta juye bokitin. A rayuwarta ba ta taɓa tura ƙasa a kan hatsi ba tun ranar da aka zane ta. Sannan ta ɗaure mudu uku daga garin sayarwa, mai kyan, ta kai wa Khairiyya kamar kullum. Ta lissafa abinta tsaf. Za ta canza gari shiru, yaro ya daina cin guba, sunanta ya zauna inda yake, babu wanda ya ji babu wanda ya gani. In ta tuna ranar da aka miƙar da ita a coci sai ta ji zufa ta karyo mata, amma ta ce wa kanta tona maganar ba zai ƙara wa Khalil tsawo ba.

Asabar biyu dabarar ta yi aiki. Har Khairiyya ta ce, "Mama, garin kwanan nan ya fi daɗi," ita kuma ta ce sabon buhu ne. A ta uku ta yi sallama ta shiga, sai ta tsaya cak. Tabarma ce shimfiɗe a tsakar gidan, an baje masara jiƙaƙƙiya a kai, baƙaƙe da motsattsu da masu kore a hanci. Ko a mafarki ta ga irin wannan masarar za ta gane ta. Khalil yana zaune a gefe yana korar kaji da kara.

Khairiyya ta fito da fara'a tana goge hannu a zani.

"Mama, kin kama ni! So na yi sai na gama in nuna miki. Na samu wani a kasuwar hatsi da ke tara tsinta, kusan kyauta yake bayarwa. Ruwa uku na yi mata, yadda kike yi."

"Yadda nake yi?"

"Haba Mama, katangar nan har nawa take? Ai duk Alhamis ina ganinki. Na ce shekara huɗu kina ɗauke da mu, ya kamata in rage miki nauyi. Mu ci wani, wani kuma in dama kunu in riƙa kaiwa bakin firamare."

Ashe ta sani. Duk shekarun nan ta san tsinta ce, ba ta taɓa nunawa ba. Edna ta nuna masarar.

"Ki bar wannan, Khairiyya. An ce ba shi da kyau."

Khairiyya ta yi dariya. "Masu cewa haka ba su san yunwa ba. Shi muke ci tun rasuwar baban Khalil. In da cuta a ciki ai ke ba za ki ba mu ba."

Nan ne wurin faɗar gaskiya, ƙofa a buɗe. Maman Lizzy da ba a taɓa rufe mata baki a kasuwa ba, ta ajiye leda ta ce ta bar tukunya a wuta, ta fice tana tuntuɓe da dokin ƙofa.

Malam Elias yana zaune a inuwa da rediyonsa. Ya ga fuskarta ya kashe. Ta zauna a ƙasa kusa da kujerarsa, abin da ba ta saba ba, ta kwashe komai ta faɗa masa, har da maganar kaji. Ya daɗe yana juya tabaransa a hannu.

"Ni na fara cewa da ɗaci," ya ce. "Kuma duk Asabar a gabana kike wucewa da ledar nan. Ban taɓa tambayarki wane gari ne ba, don na san amsar. Liman ya yi mini godiya na amsa." Ya sa tabaran ya dube ta. "In raka ki?"

"A'a, Malam. Ni na kai, ni zan je."

"To ki je yau. Masarar nan gobe za ta bushe."

Bayan la'asar ta ɗauki takardar Millicent ta koma. 'Yan matan sun tafi Islamiyya. Khairiyya tana zaune a kujerar tsugune tana juya masarar da hannu, Khalil ya kwanta a jikinta. Ta yunƙura za ta ba da kujera, Edna ta hana ta, ta durƙusa a gabanta a kan gwiwa biyu. Mace mai shekara kusan sittin a gaban sa'ar 'yar cikinta.

"Subhanallahi! Mama, tashi, me ya faru?"

Ba ta tashi ba. Ta faɗi zuwan ɗalibar, ta faɗi taron rumfa, ta faɗi lamba sha takwas da abin da mata suka ce a kan mai ita. Ta nuna hotunan takardar. Ta ce wanki ba ya fitarwa, wuta ba ta kashewa. Da ta zo kan abin da yake yi wa yara sai ta kasa kallon inda Khalil yake, ta faɗa tana kallon ƙasa.

Khairiyya ta saurara har ƙarshe. Abin mamaki, ita ce ma ta fara rarrashi.

"Mama, ai ba ki sani ba. Wa ya sani? Allah ya ga zuciyarki. Ku ma sai ku je a duba ku, ke da Baba, tunda kun fi mu daɗewa kuna ci."

Edna ta yi shiru. Da ta gyaɗa kai kawai, da magana ta ƙare a nan, a rabu ana kuka tare. Wallahi ta so ta gyaɗa. Shirun ya yi tsawo har Khairiyya ta daina juya masarar.

"Ku ma kuna ci ai, ko Mama?"

"A'a."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin Rufa'i ya rasu."

"Me ya sa?"

"Jikana ya ƙi sha. An ce yana wari."

Khairiyya ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba, kuma da ta yi da Edna ta fi samun sauƙi. Ta ɗago Khalil ta tsayar da shi a gabanta, ta zagaye damtsensa da yatsa biyu, yatsun suka haɗu har da saura. Ta daɗe tana kallonsa. Yaron ya ɗauka wasa ne ya yi mata dariya.

"Ni na ɗauka daga abin da kuke ci kike raba mana," ta ce a hankali. "Shi ya sa ban taɓa jin komai ba. Har alfahari nake yi."

Edna ta ce a yafe mata. Ta ce Litinin za ta zo su kai shi asibiti, ita za ta tsaya a kan komai. Khairiyya ta miƙe ta naɗe tabarmar da masarar a ciki, ta ɗaure da igiya ta ajiye a gabanta.

"Ki binne inda kika binne naki. Asibiti kuma ni zan kai shi."

Edna ta ɗauki tabarmar ta nufi ƙofa. Ta kai bakin zaure ta ji an kira ta.

"Maman Lizzy."

Ta waiwayo. Khairiyya tana tsaye da yaron a kafaɗa, idonta a bushe.

"Da ina da yadda zan yi, da na ce kar ki sake ba mu komai. Ba ni da shi, ga yara uku. Ki aiko ranar Asabar. Amma ki aiko, kar ki zo."

An kai Khalil asibiti. Ta bakin 'yan matan Malam Elias ya ji cewa an ɗebi jini, an rubuta magani da irin abincin da za a riƙa ba shi, an kuma ce babu mai iya rantsewa ko garin ne ya tsayar da shi ko wani abu ne daban. Don haka Edna ba ta samu ko hutun sanin iyakar laifinta ba. Khairiyya ba ta faɗa wa kowa ba, har yau a unguwa sunan Maman Lizzy yana nan da kyansa, kuma wannan ya fi komai ci mata rai. Tana nan a teburinta, tana tsinta kamar da, sai dai ta rage surutu, in an yabi garinta ba ta amsawa.

Duk Asabar da hantsi ita ke auna garin da hannunta ta ɗaure. Malam Elias ya sa hula ya ɗauka, ya zagaya ya yi sallama a zaure ya miƙa. Ita kuma ta tsaya a bakin ƙofarta tana jira, in ya dawo ta tambaye shi ko ya ga yaron.